Kumburin da Ya Shiga Sakandare

Ku da aka turo koyon aiki asibitin nan, na ji abin da kuka ce jiya a bakin famfo. Wai aikin Mama Laraba ba aiki ba ne, zama ne a kujerar roba: likita ya yi Turanci ta mayar Hausa, mara lafiya ya yi Hausa ta mayar Turanci, shi ke nan an tashi. Ban ji haushi ba, don ni ma haka na ɗauka ranar da na ajiye tsintsiya. Ku jawo bencin nan ku zauna tunda layi ya ragu.

Da shara na fara. Na zo Abuja daga kudancin Kaduna da karatun aji uku na sakandare, da Hausar kasuwa, da Turancin coci. Lokacin asibitin nan ɗaki biyu ne da baranda, in aka yi ruwa a Jikwoyi sai ka cire takalmi kafin ka iso ƙofa. Mai asibitin, Dakta Emeka, kalmomi uku ya sani a Hausa: sannu, zauna, kwanta. Su ma yakan rikita su. Na sha ganin dattijo ya shigo da rawani ya yi sallama, Oga ya nuna masa kujera ya ce kwanta. Mai yi masa tafinta shi ne Baba Tanko, tsohon disfensa mutumin Keffi, wanda yake ba da magani a ɗaki ɗaya, yana rugawa ɗaya ɗakin ya fassara. Da gwiwa ta fara ba shi matsala, wata safiya ya dube ni ina goge ƙasa ya ce, "Ke 'yar nan, kina jin Turanci ko? Ajiye tsummar nan ki shiga wajen Oga." Koyon aikina na farko ke nan gaba ɗaya.

A sati na biyu Malam Sale ya zo. Mai rake ne, mutumin wajen Kura, yana tura baro a bakin kasuwar Gudu, yana kwana a nan Jikwoyi da 'yan garinsu. Ƙafafunsa sun kumbura har silifa ta ƙi shiga, ya yanke mata kunne ya ɗaure da leda. Oga ya danna ƙaurinsa da babban yatsa, ya ɗaga, wurin ya zauna a lotse kamar an danna tuwo. Ya auna jininsa sau biyu, ya daɗe yana sauraren ƙirjinsa gaba da baya. Daga nan ya juyo gare ni ya zubo Turanci mai tsawo. Cikin duk abin da ya faɗa, abu biyu na cafke da kyau: kumburi, da kalmar "secondary". Ita kuwa wannan kalma na san ta, ai shekara uku na yi a cikinta.

Na gyara zama na ce, "Malam, likita ya ce kumburin naka ya shiga sakandare."

Malam Sale ya sunkuya ya kalli ƙafafunsa da wani irin girmamawa. Ya ce, "Ikon Allah. To yaushe ya yi firamare ban sani ba?"

Na ce wannan kam, likita bai faɗa ba.

Ya ce, "Ni da ko ajin yaƙi da jahilci ban taɓa shiga ba, ƙafata ta riga ni. Aji nawa yake, Mama?"

Na waiwaya wajen Oga, na tarar ya ɗaga yatsu biyu. Nufinsa magani iri biyu zai rubuta. Na ce, "Aji biyu."

Ku yi dariyarku, ni ma yanzu ina yi. Magani ɗaya na sa fitsari ne don ruwan ya sauka, ɗayan na hawan jini ne da zuciya, wanda ba a dainawa. Yadda zai sha kawai na gaya masa, don abin da na gane ke nan. Ya tafi ya sha. Cikin kwanaki kumburi ya sace, silifa ta shiga. Malam Sale ya sanar wa 'yan ɗakinsu cewa an kori ciwon daga makaranta, ya ɗora sauran maganin a kan katanga ya manta da shi.

Bayan wata biyu, da hantsi, abokan sana'arsa suka turo shi a cikin baronsa, a kan ɓawon rake. Ciki ya kumbura, leɓe ya yi duhu, numfashi kamar ana jan guga daga rijiya mai zurfi. In aka kwantar da shi sai ya zabura ya zauna, don kwanciya shaƙe shi take yi. Da ya gan ni ya miƙo hannu, ya ja numfashi ya ce, "Mama, ya shiga jami'a."

Oga ya tambayi me ya ce. Baba Tanko ya fassara. Oga ya tambayi wace jami'a. Da aka bi zancen har tushe, sai ga ni tsaye a ƙarshensa. Kwana huɗu Malam Sale ya yi da robar iska a hanci, biyun farko ba wanda ya san ko zai tashi. Oga ya ce in koma kan tsintsiyata, in kuma tsintsiyar tana jin Turanci to in yi nesa da ita. Baba Tanko ne ya roƙa mini, ya ce laifin nasa ne da ya tura ni rafi bai nuna mini mashigi ba.

A bayan ɗakin janareta ya zaunar da ni ya ce, "Wannan kalmar a bakin likita ba makaranta ba ce. Nufinsa, abin da ido yake gani biyo baya ya yi, akwai abin da ya jawo shi. Kumburi ɗan aike ne, mai gidan yana ciki a zaune. In kika kori ɗan aike kika bar mai gida, wani zai turo, wanda ya fi na farko rashin kunya. Duk sanda kika ji likita ya faɗi kalmar nan, ki bar abin da ya zo kafinta, ki kasa kunne ga abin da zai zo bayanta. Shi ne mai gidan. In ba ki ji ba, ki ce ya maimaita. Ba a kashe mutum don ya ce a maimaita, amma ana kashe mutum don ba a ce ba."

Da Malam Sale ya samu kansa, ni aka tura in gyara ɓarnata. Na tambaye shi ko ya taɓa noman rani, ya ce a cikinsa aka haife shi. Na ce to zuciyarsa injin ban ruwa ce, hawan jini ya sa ta aikin da ya fi ƙarfinta shekara da shekaru har ta gaji, ruwan da ta kasa turawa shi ne yake komawa ya kwanta a ƙafa da huhu. Ya ce, "Ashe ba ƙafar ba ce, injin ne. To me ya kawo zancen makaranta?" Na ce kuskure ne daga ofishinmu. Ya yafe. Ya yi shekaru yana zuwa awo duk wata, da sandar rake a hannu, kafin ya koma gida ya bar wa ƙaninsa baron.

Daga ranar na sayi littafi mai bango ja, wannan da kuke gani shi ne na huɗu. Kowane shafi na raba shi uku: abin da likita yake cewa, abin da mutane suke cewa, da wanda ya aiko. Shi ne kayan aikina na farko. Na biyu yatsa ne, kuma ba nawa ba, na mara lafiya. In mutum ya ce zuciyarsa ke ciwo, kada ku yi saurin juyawa ku ce wa likita zuciya. Ku ce ya nuna da yatsa ɗaya. Wani ƙahon zuci zai nuna, ƙwannafi ne ko gyambon ciki. Wani tashin zuciya yake nufi, amai yake ji. Wata kuwa za ta nuna ƙofa, inda mijinta yake tsaye. Basir kuma, a bakin mutanenmu, ya kama tun daga cibiya har gwiwa, har da kasala da yawan mantuwa. Sanyi ya fi shi faɗin ƙasa. Ga kuma masu shigowa da sunan cutarsu a hannu, taifod da maleriya, kullum tare kamar tagwaye, su dai a rubuta musu allura su tafi. Aikin tafinta shi ne ya karɓi sunan ya ajiye gefe cikin ladabi, ya ce, "To Baba, ita taifod ɗin, yaya take yi maka?" A nan ne ake jin jiri, ko kasala, ko zazzaɓin yamma, wato abin da likita zai iya bi ya kai ga mai gida.

Akwai wata Hajiya mai ɗinki da ta zo da tabarau huɗu a jaka, duk ta saya a kasuwa, ko wanne ya yi mata wata ɗaya ya daina. Ita dai a ba ta na biyar. Likita ya ce in tambaye ta fitsari sau nawa take yi a wuni. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Laraba, da ido nake yi?" Na ce a'a Hajiya, amma a jure a amsa. Ta ce ba ta ƙirgawa, ta dai san buta ta gaji da ita, ga ƙishirwa kamar mai azumi a watan zafi. Aka ɗiga jininta a na'ura, suga ya kai inda na'urar ta kusa ba da haƙuri. Da aka shawo kan sugan, ido ya washe, ta raba tabarau uku ga maƙwabta. Na roƙe ta ta turo maƙwabtan su ma a duba su.

Shekarar da ta fi kowace muni ita ce shekarar waya. Oga ya je wani taro a cikin gari ya dawo da waya mai faɗin faranti. Ka yi mata Hausa ta yi Turanci, ka yi mata Turanci ta yi Hausa, da muryar mace mai sanyi wadda ba ta zuwa makara, ba ta zuwa biki, ba ta ciwon baya. Baba Tanko ya riga ya rasu, babu mai roƙa mini. Aka yi mini godiya, aka ba ni atamfa, aka jingina wayar a kan kujerata. Na kafa tandar masa a tsallaken titi, daidai inda nake hango ƙofar asibiti. Ba don leƙen asiri ba, wurin ne ke da inuwa. Masar ba ta yi suna ba, amma layi ya yi tsawo, don duk wanda ya fito daga wajen wayar sai ya tsallako da katinsa in sake fassara masa fassarar. Wani ya ce mata mahaifiyarsa tana da ciwon daji, ta gaya wa likita tsohuwar ta ji ciwo a jeji, aka tambaye shi ko maciji ne.

A lokacin Oga ya riga ya koma zaman ofis, mai duba marasa lafiya wani sabon likita ne ɗan bautar ƙasa, Dakta Tunde. Yaro mai kirki da ƙoƙari, amma satinsa uku a Arewa, Hausarsa ba ta wuce "ina kwana" ba.

Wata ranar Talata da rana tsaka ina juya masa, sai ga wani dattijo ya fito daga asibiti yana tafe yana haɗa hanya, hula a hannu, hawaye har gemu. Ya tsaya a gabana ya ce, "Mama, don Allah ina ne shagon kafinta?"

Na ce, "Baba, zauna tukuna. Kafinta na me?"

Sunansa Baba Shekwolo, manomin doya daga Paikon Kore, Bagwari, Hausarsa irin tamu ta Abuja wadda ba ruwanta da mace ko namiji. Ya kawo matarsa gidan ɗansu a nan Jikwoyi don ta fi kusa da asibiti, amma ranar ta kasa tashi, sai ya zo shi kaɗai ya karɓa mata magani.

Ya ce, "Na shiga, na gaishe da likita, na ce wa wannan faranti, matana yana da shawara. Faranti ya gaya wa likita. Likita ya yi murmushi, ko tausayi babu. Ya yi magana, faranti ya ce mini: mun gode, ka saka ta a akwati a bakin ƙofa." Ya fashe da kuka. "Shekara talatin da ɗaya muna tare, Mama. Ko duba shi bai yi ba, ya ce akwati."

Na ajiye cokalin masa. A bakin ƙofar asibitin nan, har gobe, akwai ɗan akwatin katako mai kwaɗo da tsaga a sama, inda ake jefa takardar ƙorafi da shawarwari. Wayar ta gaya wa likita cewa matar dattijon nan tana da shawarar da za ta bayar, shi kuma ya ce a jefa a akwati. Shi Baba Shekwolo kuwa akwati ɗaya ya sani da ake saka mutum.

Na ce, "Baba, share hawayenka, ba wanda ya mutu. Idonta ya yi rawaya?"

Ya ce kamar kwaiduwar ƙwai.

"Fitsari fa?"

"Kamar shayi ba madara."

"Akwai zazzaɓi? Ciwon ciki?"

Ya dafa ƙasan haƙarƙarinsa na dama, ya ce nan take riƙewa, ga rawar sanyi tun shekaranjiya, yau ma ta fara sambatu. Jin sambatun nan ne ya sa na bar tanda a kan wuta, na ce wa mai lemon kusa da ni ta ci ta raba. Muka tari keke muka ɗauko matar, Mama Ladi, jikinta kamar garwashi. Na shiga da ita ɗakin likita ba kati ba layi, na ɗauke farantin daga kujerata na kifa shi a kan tebur, na buɗe idon matar da yatsu biyu na ce, "Dakta, ga shawarar da ka ce a saka a akwati."

Sai a lokacin yaron nan ya gane ɓarnar da wayar ta yi. Amma ya iya aikinsa, ban rage masa ba. Nan da nan ya sa mata ruwa da allurai, ya aika a yi hoton ciki. Aka ga tsakuwa ce ta fito daga matsarmama ta toshe hanya, ruwan ɗaci ya rasa mafita ya koma cikin jini, ƙwayoyin cuta kuma suka kama wurin. Kafin la'asar an wuce da ita babban asibiti. A mota na yi wa Baba Shekwolo bayani, don ya dage a ba shi maganin shawara kawai ya koma gida, yana da saiwar da ake jiƙawa. Na ce masa rawayar ido ba ita ce cutar ba. Wani hanta ce ke jawo masa, wani jininsa ne ke fashewa, jariri ma yakan yi tasa, ta matarsa kuwa tsakuwa ce ta jawo, ko ya jiƙa saiwar dajin Gwagwalada duka ba za ta narke ba. In an ga abu a jiki, a tambayi abin da ya kawo shi. Ya ce ya ji, ya riƙe. Aka yi mata aiki, ta tashi. Likitocin can suka ce da an ƙara kwana biyu, da kafintan ya samu ciniki.

Washegari Oga da kansa ya tsallako titi, ya sayi masa, ya ci ɗaya a tsaye yana yabawa, abin da ya nuna mini lallai yana cikin damuwa, don na san masata. Ranar Litinin na dawo kujerata. Wayar tana nan, a kanta masu karɓar kati suke kallon wasan ƙwallo.

Bayan an cire sabuwar doya, sai ga Baba Shekwolo da Mama Ladi, ido fari tas, da doya shida a buhu. Suka gaisa da Dakta Tunde, wanda zuwa lokacin ya haddace kalma ɗaya a Hausa fiye da sunansa. Baba Shekwolo ya gyara murya ya ce, "Likita, yau ni ne nake da shawara."

Kafin in buɗe baki yaron nan ya tsallake tebur. Ya kama kan dattijo ya juya shi wajen taga, ya gwale masa ido na dama, ya gwale na hagu, ya sa shi ya fito da harshe, ya kwantar da shi yana danna masa ciki yana kiran a kawo kwalbar fitsari. Baba Shekwolo yana ta "Mama, ki gaya masa! Mama, ki gaya masa!" ni kuwa dariya ta hana ni numfashi, Mama Ladi ta zame daga benci tana riƙe da wurin ɗinkinta. Da ƙyar na ce, "Dakta, sake shi, ta baki ce."

Aka tayar da shi, ya mayar da hularsa, ya karkaɗe riga. Ya ce, "Mama, ki faɗa masa daidai, kada ki rage. Na lura likita ya rame. Wuyan rigansa ya yi masa yawa, wando yana juyawa. Ke kika ce in an ga abu a jiki a tambayi abin da ya kawo shi. To na tambaya a wajen masu kati. Ba tsutsa ba ne, ba taifod ba ne. Ba shi da mata, biredi yake ci da lemon kwalba. Wannan doya na rage ciwo ne kawai. Maganin gaske yana Paikon Kore, 'yar ƙanina ne, ya gama karatun nas, ya iya sakwara."

Na fassara masa tsaf, ban rage ko gishiri ba. Dakta Tunde ya saurara har ƙarshe. Ya sosa ƙeya, ya buɗe baki zai ba da amsa, sai na ga idonsa ya tafi wajen bakin ƙofa.

Na ce, "Dakta, in ka sake ambatar akwati a ɗakin nan, da kanka za ka fassara."

Ya rufe bakinsa, ya sa hannu biyu ya karɓi doyar.